Ƙafa Ba Ta Buɗuwa Da Ƙarfin Tsiya

Duk wanda ya taɓa leƙa zauren wasanni da yamma, lokacin da 'yan kareti da 'yan taikwando ke atisaye, ya san abin da zan yi magana a kai. Za a zaunar da sabon shiga a ƙasa, mutum biyu su ja ƙafafunsa gabas da yamma, na uku ya danne masa baya. Yana ihu, ana dariya, ana ce masa ya daure, haka kowa ya fara. A ganina wannan al'ada ba horo ba ce, ganganci ce, kuma ya kamata ƙungiyoyin wasanninmu su bar ta.

Ba na musun cewa ɗan wasa yana buƙatar buɗaɗɗen kwatangwalo. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, shuri a ƙirji maki 2 ne, a kai maki 3, idan kuwa da juyi aka kai shi kai maki 5. Wanda ƙafarsa ba ta wuce ƙugu ba, ya sha kaye tun kafin a fara. Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar da ya ci azurfa a Rio a 2016, dukansu a ajin masu nauyi suka fafata, amma girman jiki bai hana su ɗaga ƙafa ba. Gardamata a kan hanyar da ake bi ce.

To daga ina muka samo wannan ɗaure-ɗaure da danne-danne? Ina zargin fim. Yawancinmu mun ga Van Damme a Kickboxer na 1989, malaminsa na jan ƙafafunsa da igiya. Mun manta cewa mutumin ya fara kareti tun yana yaro, har rawar bale ya koya, ya shiga gaban kyamara da ƙafarsa a buɗe. Igiyar ado ce kawai.

Bari mu duba yadda Allah Ya yi jikin. Kan ƙashin cinya yana zaune cikin ramin kwatangwalo kamar taɓarya a turmi. Turmin wani mai zurfi ne, na wani kuwa faifai-faifai, kuma ba duka suke fuskantar waje ɗaya ba. Idan mutum ya ware ƙafa har ƙashi ya tokari ƙashi, ko ƙato goma suka hau kansa ba zai ƙara ko taƙi ɗaya ba, sai dai a yi wa gaɓar lahani. Shi ya sa ake son ɗan wasa ya san bambancin ciwo biyu. Jan da ake ji a tsakiyar naman cinya, wannan miƙewa ce. Tsunkulin da ake ji can cikin gaɓa, ko sukar da ke tashi daga gindin mara, wannan jiki ne ke cewa a dakata. Sau da yawa ma maganin tokarewar shi ne a karkato ƙugu gaba, a juya gwiwoyi su kalli sama, sai hanya ta ƙaru.

Sannan ga tsokokin matsematsi (kalmar da na daɗe ina nema kafin na same ta), waɗanda ke tasowa daga ƙashin mara su bi cikin cinya. Tsoka tana da tsoro: idan aka fizge ta ba zato, sai ta ƙanƙance don kare kanta. Ke nan mai dannawa da ƙarfi yana jan naman da ke ja da baya, a nan ne yake yagewa. Ciwon matsematsi kuwa ba ya saurin tafiya. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma yana son dawowa. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun faɗi gaskiya, amma ko ɗanyen icce aka yi masa lokaci guda karyewa yake yi.

Abin da ya fi, a fara ɗumama jiki da sassarfa ko tsallen igiya na minti 5 zuwa 10, har gumi ya tsattsafo. Sai a dafa bango a riƙa lilo da ƙafa, gaba da baya, sannan gefe da gefe, ana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Miƙewar da ake tsayawa cak a bar ta sai bayan atisaye: a zauna a haɗa tafin ƙafa biyu a saki gwiwoyi, ko a durƙusa a ware gwiwa kamar kwaɗo, ko a sa gwiwa ɗaya a ƙasa a tura ƙugu gaba. Wannan ta ƙarshe ta fi amfanar mu masu wuni a kan benci muna sauraron lacca. Kowace a riƙe ta kamar daƙiƙa 30, a maimaita sau 2 zuwa 4, aƙalla kwana 3 a mako, ana numfashi.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarfi. Wani zai shimfiɗa cinyoyinsa a ƙasa, amma ka ce ya ɗaga ƙafa a hankali ya riƙe ta daidai kafaɗa, sai ka ga tana rawa. Buɗewar da ba ta da ƙarfi ba ta kai shuri. Wani bincike da aka buga a 2019 kan 'yan ƙwallon ƙafa a Norwe ya nuna cewa motsa jiki guda ɗaya na ƙarfafa matsematsi ya rage matsalar wajen da kashi 41 cikin 100. Sauƙi gare shi: ka kwanta a gefe bisa gwiwar hannu, abokinka ya riƙe ƙafarka ta sama, ka ɗaga ƙugu da ƙafar ƙasa, ka sauke a hankali. Ga aikin da ya dace da waɗancan ƙattin masu danne mutane. A haɗa da tsugunno mai zurfi ana karkata dama da hagu, irin zaman ƙasa-ƙasa da ɗan kokawa ke yi idan yana neman ƙafar abokin karawarsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kareti da taikwando na makarantarmu da su sa doka: kada wanda ya ƙara taɓa ƙafar sabon shiga sai da yardarsa, kuma da ya ce "tsaya" a tsaya. Wanda ciwon matsematsi ya wuce masa mako biyu, ko yake ɗingishi, a kai shi asibitin makaranta kafin ya koma fili.