Mu Biya Kuɗin Karatun, Su Sallami Mai Karatun

Ranar 21 ga Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna. Ba a yi mako guda ba aka naɗa Faruk Yahaya, ɗan kwas na 37 a NDA, shugaban sojojin ƙasa. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: janar-janar ɗin da suka riga shi shiga aiki suka fara tattara komatsansu, don al'adar soja ta ce babba ba ya sara wa ƙaninsa. A Yunin 2023 aka maimaita, da aka ɗauko Taoreed Lagbaja daga kwas na 39. Jaridu suka ƙirga kawunan da aka sallama, suka wuce. Abin da ba a ƙirga ba shi ne kuɗin karatun da aka zuba a waɗannan kawuna.

Hafsan da ya kai manjo janar a Najeriya ya sha karatu, ba na wasa ba. Ya fara da NDA a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya ci ya sha ya yi sutura a aljihun gwamnati. Ya je Jaji. Ya je Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, inda mahalarta kan haɗa da digiri na biyu a fannin dabarun tsaro ta hannun Jami'ar Ibadan, ko kuwa an tura shi Kuru ya dawo da mni a bayan sunansa. Wani an kai shi Amurka, wani Ingila, wani Indiya ko Pakistan. Albashinsa bai tsaya ba ko na wata ɗaya, ga alawus. Duk daga baitulmali, wato daga harajin mai shago a Kantin Kwari da na malamar firamare a Gusau.

Akwai masu cewa a daina biya kawai. Hujjarsu tana da nauyi: a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin ASUU, ɗan talaka na zaune a gida, amma ba a ji an rufe Jaji ba. Na ji zafin nan, amma ban bi su ba. Mutumin da aka damƙa wa jirgin yaƙi da rayukan dubban mutane, jahilcinsa ya fi karatunsa tsada nesa ba kusa ba. A biya. Rigimata ita ce me muke karɓa bayan mun biya.

Dubi yadda sojan ƙasa na Amurka ke yi. Idan aka tura hafsa jami'ar farar hula ya yi digiri na biyu da kuɗin gwamnati, ƙa'idar ita ce kowace rana ɗaya ta karatu zai biya ta da kwana uku na aiki, kuma a tura shi kujerar da ke buƙatar abin da ya karanto. David Petraeus ya yi digirin digirgir a Princeton a 1987 a kan darasin yaƙin Biyetnam, kuma a 2006 shi ya jagoranci rubuta littafin ƙa'idar yaƙi da 'yan tawaye da sojojinsu suka tafi da shi Iraƙi. Ko ka tsani abin da Amurka ta yi a Iraƙi, kuma akwai dalilin tsanarsa, ba za ka ce karatun ya tsaya a jikin bango cikin firam ba. An bi shi bashi, ya biya.

Mu fa? A nan digiri ya zama tsanin ƙarin girma. Ana zuwa kwas ne don kada a tsallake mutum a jerin masu samun tauraro. Da ya kai inda karatun zai fara amfani, sai siyasar naɗi ta zo ta ce ya tafi gida, da ƙarfinsa, da lafiyarsa. Washegari ka gan shi mai ba wani kamfani shawara kan tsaro, ko yana neman tikitin sanata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jaji tana cikin ƙaramar hukumar Igabi. Tudun Biri ma tana cikin Igabi. A daren 3 ga Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a ƙauyen, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne. Kafin nan an yi Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Kusan shekara bakwai ne tsakanin biyun, kuma kowace shekara ana yaye ɗalibai a Jaji da Abuja, kowanne da kundin bincikensa a hannu. Uwar da ta binne 'ya'yanta a Tudun Biri tana da haƙƙin tambaya: cikin kundayen nan wanne ya koya wa mai danna maɓalli yadda ake bambance taron Mauludi da taron 'yan bindiga?

Za a ce ladabin soja ba ya yarda babba ya zauna ƙarƙashin ƙarami. To, ai ba sai ya zauna a hedikwata ba. A mayar da shi aji ya koyar a Jaji ko Afaka, a ba shi binciken kurakurai irin na Rann ya rubuta, a buga abin da ba sirri ba mu ma mu karanta. Majalisar Tarayya, wadda ke sa hannu a kasafin tsaro duk shekara, tana da ikon ɗaura wa kuɗin nan sharaɗi: wanda aka biya wa digiri ya yi shekaru kaza yana aiki da shi, kuma shugaban ƙasar da ya tsallake kwas biyu ko uku wajen naɗi ya zo ya faɗa wa majalisa nawa aka kashe a kan waɗanda zai sallama. Wani kaso kuma a karkatar da shi ga kofur da saje, waɗanda su ne ke kwana a ramukan Marte da dajin Zamfara, kuma da yawansu takardar sakandare kaɗai za su fita da ita ranar ritaya.