Lu'ulu'un Zhuji da ruwan da ke biyan kuɗinsa

Har yanzu akwai masu taɓe baki su ce lu'ulu'un kiwo jabu ne. Ni ban yarda ba. A garin Zhuji na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, cibiyar wannan sana'a, ma'aikata kan buɗe bakin kumbar ruwan daɗi kaɗan, su ɗan tsaga namanta, su cusa ƙananan gutsattsarin naman wata kumbar. Daga nan dabbar ce ke aikinta, tana lulluɓe wurin da sinadarin da ke sa cikin ɓawonta sheƙi, shekara biyu ko fiye. Kumba ɗaya tana iya ba da ƙwaya sama da 20, alhali ta teku da ƙyar take wuce ɗaya ko biyu. Shi ya sa sarƙar da a da sai matan sarakuna, yau malamar makaranta ma tana sakawa.

Damuwata ruwan ne. Kumba tana cin gansakukar da take tacewa, don haka masu kiwo da yawa suka riƙa zuba kashin kaji da na alade a tafkuna don gansakukar ta yawaita. Ruwa ya yi kore, ya yi wari, manoman da ke ƙasa suka kwashi kashinsu a hannu. Japan ta riga ta gani: gurɓacewar tafkin Biwa ta durƙusar da lu'ulu'unta da ya yi suna. Hukumomin Sin sun rufe tafkunan kiwo da dama, kuma ina goyon bayansu, ko da farashin sarƙar zai tashi.