Raddi ga Masu Cewa Ƙwayoyin Antioksidan Suna Tsayar da Cutar Jijiyoyin Motsi

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin masu tallan ƙwayoyin ƙarin gina jiki, har ta samu karɓuwa a wajen wasu masu ilimi. Wai sinadaran da ake kira antioksidan, irin su bitamin E, bitamin C, bita-karotin, seleniyom da CoQ10, suna tsayar da cutar mutuwar jijiyoyin motsi, kuma ko mai lafiya ne ya lazimce su zai tsira daga ciwon zuciya da kansa da saurin tsufa. Maganar tana da tushe a ilimi, shi ya sa ta cancanci a bi hujjojinta ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da za mu hau kanta tsohuwa ce, kowane alƙali ya san ta: kawo hujja yana wuyan mai da'awa.

Sai dai kafin mu shiga, a san cutar tukuna. Likitoci suna kiranta MND, nau'inta mafi yawa kuma ALS, wanda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta a Faris a ƙarni na 19. Daban take da shanyewar ɓarin jiki, daban take da shan inna. Jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka ne suke mutuwa sannu a hankali. Hannu ya raunana, ƙafa ta soma ja, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga ƙarshe abin ya kai ga numfashi. Yawancin masu ita suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 bayan ta bayyana.

Hujja ta farko: "Tsatsa ce ke cin jijiyoyi, antioksidan kuwa maganin tsatsa ne"

Suna cewa jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin, a nan wasu sinadarai masu kaifi da ake kira firi-radikal suke fitowa su riƙa cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Wani masani mai suna Denham Harman ne ya kafa wannan tunani a 1956. Suna ƙarawa da cewa a 1993 an gano gurɓacewar ƙwayar gado mai suna SOD1 a wasu iyalai masu ALS, kuma aikin SOD1 shi ne samar da antioksidan na jiki da kansa.

Duk wannan gaskiya ne, amma sun yanke labarin a tsakiya. Masu gadon cutar kusan kashi 10 cikin 100 ne na majinyata, masu gurɓacewar SOD1 kuwa kusan kashi 2 ne na gaba ɗaya. Sannan a 1996 masana sun cire wa ɓeraye SOD1 ɗungurungum, ɓerayen ba su kamu da cutar ba, alhali waɗanda aka dasa wa gurɓataccen SOD1 a 1994 sun kamu. Ma'ana, ba ƙarancin antioksidan ne ke kashe jijiyar ba. Gurɓataccen furotin da SOD1 ke samarwa ne ya koma guba. Shi ya sa maganin tofersen, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2023 domin masu wannan gado, aikinsa shi ne rage samar da SOD1. Hujjar da suka fi taƙama da ita, in an karanta ta har ƙarshe, a kansu take juyawa.

Hujja ta biyu: "Bincike ya nuna masu shan bitamin E ba su cika kamuwa ba"

E, an yi irin wannan bincike. A 2005 Alberto Ascherio da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard sun bayar da rahoton cewa waɗanda suka daɗe suna shan bitamin E ba su cika mutuwa da ALS ba. Amma bincike ne na sa ido, ba na gwaji ba. Mutumin da ke sayen bitamin shekara da shekaru ya bambanta da wanda ba ya saye ta fuskar dukiya da abinci da zuwa asibiti, don haka ba a san wanne ne daga ciki ya yi aikin ba. Bugu da ƙari, maganar rigakafi daban, maganar warkar da wanda ya riga ya kamu daban.

Hanyar raba gardama ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ba tare da likita ko majinyaci ya san wa aka ba me ba. An yi hakan, kuma ba sau ɗaya ba. A Holan, a 1995, an gwada asetilsistin a kan majinyata kimanin 110 na tsawon shekara guda, ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba. A Faransa, a 2001, an ba wani rukuni daga cikin majinyata 289 bitamin E miligiram 500 sau biyu a rana, bai tsawaita rayuwa ba. Sai aka ce ai adadin ne ya yi kaɗan. A Jamus, a 2005, aka ɗaga shi zuwa miligiram 5000 a rana a gwajin majinyata 160, sakamakon bai canza ba. A Amurka, a 2009, an gwada CoQ10 miligiram 2700 a rana, masu binciken suka yanke cewa bai ma cancanci a kai shi babban gwaji ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje da auna ingancinsu, ta duba su ta ce babu isasshiyar shaida cewa antioksidan na amfanar masu wannan cuta.

Lura da wannan: waɗanda suka yi gwaje-gwajen nan ba abokan gabar ra'ayin ba ne. Masoyansa ne, nasararsa suke fata. Gani ne ya kori ji.

Hujja ta uku: "Ai edaravone antioksidan ne, kuma hukumomi sun amince da shi"

Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma adalci ne a faɗa. Japan ta amince da edaravone a 2015, Amurka a 2017. To amma a dubi yadda aka kai ga hakan. Babban gwajin farko bai yi nasara ba. Sai aka zaɓo majinyata 137 waɗanda cutarsu ba ta yi nisa ba kuma numfashinsu da sauran ƙarfi, aka bi su mako 24, aka ga saurin raunanarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Gwajin bai tabbatar da tsawaita rayuwa ba. A 2019 kamfanin da ke yin sa ya janye buƙatarsa daga hukumar magunguna ta Tarayyar Turai bayan ta nemi ƙarin shaida, kuma a 2024 wani gwaji na nau'in edaravone na sha da aka yi a Turai bai nuna amfani ba.

Ko da a ce edaravone ya yi aiki tsaf, me ya haɗa shi da kwalbar da ake talla? Magani ne guda, mai adadi sananne, a hannun likita. Haɗuwa a suna ba ta haɗa hukunci. Kinin magani ne na zazzaɓin cizon sauro da aka samo daga ɓawon itace, amma hakan bai mayar da kowane ɓawo maganin zazzaɓi ba.

Hujja ta huɗu: "Mun ga wanda ya sha ya samu sauƙi"

Ba mu ƙaryata kowa ba. Abin da muke cewa shi ne cutar ba ta tafiya da gudu iri ɗaya. An gano ta a jikin masanin kimiyya Stephen Hawking a 1963 yana ɗan shekara 21, bai rasu ba sai 2018. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana wuce shekara goma da ita. Wani nazari da Richard Bedlack ya jagoranta a 2016, a kan bayanan dubban majinyata, ya nuna kusan kashi 25 cikin 100 ba su ƙara raunana ba a tsawon wata shida. Wanda ya fara shan ƙwaya a daidai wannan lokaci, dole ya ba ta ladan abin da ba ita ta yi ba. Waɗanda suka sha suka rasu kuwa, ba a gayyatar iyalansu taron talla.

Akwai kuma cututtuka masu kama da MND waɗanda suke jin magani, kamar matsewar laka a wuya da ciwon mayasteniya. Mai irin wannan in ya tsaya shan kwalba maimakon ya je wajen likitan jijiyoyi, ya yi asarar lokacin da ba ya dawowa.

Hujja ta biyar: "In bai yi magani ba, ai ba ya cutarwa, abinci ne"

A nan ne maganar ta fi haɗari, domin ta shafi masu lafiya ma. A Finlan an gwada bita-karotin a binciken maza 29,133 masu shan taba; a 1994 aka tarar kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a masu shan ƙwayar. A Amurka an dakatar da gwajin CARET a 1996 kafin wa'adinsa, domin kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin 100 a waɗanda aka ba bita-karotin da bitamin A. Gwajin SELECT, mai maza fiye da 35,000, ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara kansar furostet da kashi 17 cikin 100. A 2012 Cochrane ta haɗa gwaje-gwaje 78 na mutane kusan 300,000, ba ta ga ƙarin tsawon rai ba, sai ma alamar ƙaruwar mace-mace da bita-karotin da bitamin E. Yawan bitamin E yana kuma ƙara haɗarin zubar jini, musamman ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Firi-radikal suna da aikinsu a jiki: da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, da su kuma tsoka ke samun saƙon ƙara ƙarfi bayan motsa jiki. Zogale da alayyafo da gwanda da manja suna kawo waɗannan sinadarai kaɗan-kaɗan, a cakuɗe da wasu masu yawa. Ƙwaya kuwa takan kawo guda ɗaya a ninke sau da yawa.

Kada a ɗauka muna jifan kowane bitamin. Ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Nijeriya da Nijar yana ceton rayuka, domin akwai ƙarancinsa a abincinsu. Gwajin AREDS na 2001 ya nuna wani haɗin antioksidan da zinki yana rage saurin wani ciwon ido na tsufa. Inda aka gwada aka ga amfani, mun karɓa. Da ma'aunin da muka karɓi waɗannan, da shi muka ƙi wancan.

Hujja ta shida: "Kowace cuta tana da magani, kada a yanke wa mutane ƙauna"

Mun yi imani da haka. Amma samuwar magani a ilimin Allah ba ta zama shaida cewa yana cikin kwalbar mai talla ba. Lambar hukuma a jikin kwalba ma ba ta zama shaidar waraka ba; a Amurka, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba mai kamawa ake tuhuma ba, mai miƙawa ake tambaya.

Kuma ba hannu wofi muke sallamar majinyaci ba. Riluzol, wanda aka amince da shi a 1995, yana ƙara wata biyu zuwa uku a matsakaici. Na'urar taimakon numfashi ta takunkumin fuska, a wani gwaji da aka yi a Newcastle a 2006, ta ƙara kusan wata bakwai ga waɗanda haɗiyarsu da maganarsu ba su lalace sosai ba, ta kuma gyara barcinsu. Kiyaye nauyin jiki da abinci mai laushi mai ƙarfi, sanya bututun ciyarwa kafin haɗiya ta gagara, gashi da motsa gaɓoɓi, keken guragu, maganin yawan miyau da ɗaurewar tsoka, duk suna da amfanin da aka gani. Kuɗin iyali yana da iyaka, kuma abin da aka zuba a kwalabe kowane wata daga nan aka zare shi.

Saboda haka muna neman abu guda daga masu wannan da'awa: su kawo gwaji a kan mutane masu MND, wanda aka raba su ta ƙuri'a, aka yi shi da wannan ƙwayar da suke sayarwa, a adadin da suke bayarwa, wasu masana na daban kuma suka maimaita suka samu abin da aka samu. Ranar da suka kawo shi, za mu janye wannan raddi a bainar jama'a. Kafin nan, majinyaci ya nuna wa likitansa duk abin da yake sha, mai talla kuma ya daina ambaton wannan cuta a tallarsa.