Ba Bombay Kaɗai Ce Indiya Ba

Akwai wata magana da ta zama kamar ijma'i a tsakaninmu, wadda masoya fim ɗin Indiya da masu tsine masa suka haɗu a kanta duk da saɓaninsu, wato cewa fim ɗin Indiya ba kome ba ne face rawa da waƙa da saurayi yana bin budurwa cikin furanni. Na farko yana faɗin haka da sha'awa, na biyu yana faɗi da ƙyama, alhali dukansu sun yanke wa ƙasa mai harsuna barkatai hukunci ne bayan sun saurari shaidar birni guda, wato Bombay, kuma alƙalin da ya yi haka ko a shari'a ba a ce ya yi adalci ba.

Hujjata kuwa tana ƙasar Bengal. A shekarar 1955 wani mai zanen talla a Kalkata, Satyajit Ray, wanda bai taɓa shirya fim ba, tare da mai ɗaukar hoto Subrata Mitra, wanda shi ma bai taɓa ɗaukar fim ba, ya fitar da Pather Panchali, bayan kuɗi sun yanke masa har ya jinginar da gwalagwalan matarsa, sai da gwamnatin Bengal ta Yamma ta agaza aka kammala. Ƙissar wani gida ce na matalauta a ƙauye, da yaro Apu, da yayarsa Durga mai satar 'ya'yan itatuwa a lambun maƙwabta domin ta kai wa wata tsohuwa da kowa ya gaji da ciyar da ita. Wanda ya ga wurin da uban ya komo daga doguwar tafiyar neman abinci, yana kwance ƙunshinsa da murna, yana miƙa wa matarsa zanen da ya sayo wa Durga, bai san an riga an yi jana'izarta ba, uwar ta riƙe zanen ta sulale ƙasa, sautin goge ya rufe kukanta, wanda ya ga wannan, na ce, ba zai sake da'awar cewa sai da rawa fim yake kama zuciya ba. An ba fim ɗin lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1956.

Na san za a ce, ai wannan tallar talauci ce ga Turawa. Zargin tsoho ne, domin Nargis ta fim ɗin Mother India, wadda iyayenmu suka sani a gidajen silima na Kano, ta yi wa Ray shi a majalisar Indiya a 1980. Amma mutanen Bengal da yunwar 1943 ta kashe musu miliyoyi, rabuwar ƙasa ta 1947 kuma ta tarwatsa musu gidaje, yaya za a umarce su da ɓoye abin da ya same su? Ritwik Ghatak ya nuna 'yan gudun hijirar nan a Meghe Dhaka Tara a 1960, inda 'ya mace guda ta ɗauki nauyin gidansu har ciwon tarin fuka ya cinye ta, kuma babu unguwar da ba a san irin wannan 'ya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gafalarmu game da Bangladesh, ƙasar Musulmi masu harshe ɗaya da mutanen Bengal ta Yamma. A 2002 Tareque Masud, wanda shi kansa ya yi karatu a madarasa, ya fitar da Matir Moina, labarin yaron da mahaifinsa ya tura almajiranci gab da yaƙin neman 'yancin ƙasar na 1971, inda aka nuna malami mai tsanani da malami mai rahama a makaranta guda, ba tare da an wulaƙanta addini ba. Mas'alar da muke ta jayayya a kanta ke nan, ga wasu sun yi mata nazari da basira, mu kuwa ba mu ko ji labari ba.

Saboda haka ina kira ga masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, waɗanda Allah Ya hore wa fasahar baki, su ɗauki waɗannan finafinan Bengal uku su fassara mana, masu shirya fim a Kano kuma su zauna su kalle su kafin su sake cewa 'yan kallo ne suka tilasta musu sa rawa.