Ɓotar wuƙa: mu duba ta kafin mu biya kuɗi

A wannan fitowa muna so mu yi magana bisa wani abu da mutane da yawa za su ga bai kai a ɓata masa takarda ba, wato ɓotar wuƙa, wadda a wasu wurare ake ce wa ƙota ko mariƙi. Wani zai ce, ga matsalar burtali, ga ta rijiyoyi, ga tsadar dusa, mi ya kai mu ga zancen ɗan guntun icce? Abin da ya kai mu shi ne wani abu da ya faru a mashekarinmu a ƙarshen bazarar da ta wuce.

Wani saurayi daga cikin yaranmu yana kiwo shi kaɗai nesa da gida, sai saniyar mahaifiyarsa ta faɗi, ta kasa tashi. Da ya ga alamar ba za ta kai ba, ya zaro wuƙarsa domin ya yanka ta kafin rai ya fita. Wuƙar sabuwa ce, daga kasuwa ya sayo ta, tana da ɓotar roba mai ƙyalli. Yana dannawa sai robar ta dare gida biyu, ƙarfen ya juya cikin hannunsa, ya tsaga masa tafi. Kafin ya ɗaure hannun ya ruga ruga mafi kusa ya aro wata, saniya ta riga ta zama mushe. Ba a ci nama ba, ba a sayar wa mahauta ba, kuma yaron ya yi makwanni bai iya riƙe sanda. Kaifin wuƙar lafiyarsa lau. Ɓota ce ta ci amana.

Kowa ya san abin da wuƙa take ga makiyayi. Da ita ake yanka dabbar da ta faɗi, da ita ake feɗewa, da ita ake gyara kofato, a fere turke, a yanke igiya. Waɗanda ke shayarwa a rijiyoyi masu zurfi na Dakwaro da Abalak da Tanut sun san yadda igiyar wasaki takan naɗe ƙafar yaro ko wuyan jaki a lokacin da dabba ke ja, kuma sun san a wannan lokaci babu damar gyara ɓotar da ke girgiɗi. Amma idan muka je sayen wuƙa, dukan hankalinmu yana ga ruwanta. Mukan gwada kaifi da babban yatsa, mu aske gashin hannu, mu biya mu tafi. Ra'ayinmu shi ne mun juya abin. Ruwan da ya dakushe dutse yana gyara shi a ko'ina cikin daji. Ɓotar da ta fashe kuwa sai an koma wurin maƙeri.

Mu fara da tuna irin wahalar da ɓota ke sha a hannunmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Hunturu yana tsotse duk wata laima da ke jikin icce da fata. Damina ta zo ta jiƙa su, su kumbura, rani ya sake busar da su. Ga jini, ga kitse, ga zufa, ga gara da ke jiran a ajiye kube a ƙasa dare ɗaya. Duk abin da za a yi ɓota da shi, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Robar da ke kan wuƙaƙe masu araha ita ce ta fi saurin faɗuwa. Hasken rana yana cinye ƙarfinta a hankali, sai ta yi fari-fari ta bushe, ranar da aka matsa mata ta karye kamar ƙwarya. Mafi muni, sau da yawa wutsiyar ƙarfen da ke cikinta gajeruwa ce, ba ta kai rabin ɓotar ba, kuma mai saye ba ya ganinta domin roba ta rufe. Ba mu ce duk ɓotar zamani banza ce ba. Akwai wadda ake yi da yadi da aka jera hawa-hawa aka matse da ƙaron masana'anta, ana kiranta Micarta, ruwa bai dame ta ba, gara ba ta cinta. Sai dai tana da tsada, ba a cika samunta a kasuwanninmu ba, kuma idan ta lalace babu mai gyara ta a ƙauye.

Ɓotar ƙarfe ba ta fashewa, wannan gaskiya ne. Tsofaffinmu sun san wuƙar naɗewa ta Douk-Douk, wadda ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, da ɓotarta ta ƙarfe zalla, ta shiga kasuwannin ƙasashen da Faransa ta mulka. Tana da daɗin ɗauka a aljihu don ƙananan ayyuka. Amma ƙarfe, da shi da alminiyam ɗin da ake narkawa a zuba, in ya sha rana yana ƙona hannu, in ya sha jini da kitse yana santsi. Wanda ya taɓa feɗe sa da irin wannan ɓota ya san inda hannunsa ya yi ta zamewa.

Ƙaho namu ne, ba mu saye, kuma yana da kyan gani, musamman dogon ƙahon jajayen shanun Bororo. Amma a lura, ƙaho rami ne a ciki, tsininsa kaɗai ke cike, saboda haka daga tsinin ake samun ɓota ta kirki. Asalinsa ɗaya da kofato da farce, hawa-hawa yake, shi ya sa in hunturu ya buge shi yakan yi ɓawo ya tsage, kuma akwai ƙwarin da ke cinsa in an daɗe ba a taɓa shi ba. Mai ɓotar ƙaho dole ya riƙa shafa mata mai. Ƙashi ya fi ƙaho tauri amma bai da juriya, in ya faɗi bisa dutse yakan tsage. Fata kuwa, aikinta riƙo ne. Naɗin fatar da baduku ya jeme da bagaruwa yana hana santsi, amma yana shan jini, yana wari, yana ruɓewa da damina. A ɗauke shi tufa ce da ake canzawa, ƙarfin ɓota yana ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Wannan ya kawo mu ga icce, kuma a nan muka tsaya. A ganinmu babu abin da ya fi wa makiyayi busasshiyar zuciyar icce mai tauri na ƙasarmu. Ba ta zafi a rana, ba ta santsi kamar ƙarfe, kuma kowane maƙerin kasuwar ƙauye yana iya sake ta. Amma icce suna ya tara. Ƙirya ita ce gaba: da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, gara ba ta son ta, gawayinta ma shi maƙera suka fi nema. Aduwa tana da ƙwayar jiki a matse, shi ya sa ake yin allo da ita, kuma ba ta saurin tsagewa. Marke da kanya da bagaruwa duk suna yi. Dargaza, wadda muke yin sanda da ita, tana da juriyar lanƙwasa, in an samu reshe mai kauri ta isa ƙaramar wuƙa. Waɗanda za a guje wa su ne gawo da dashi da kuka. Gawo sarkin itatuwa ne wajen ciyar da bisashe da rani, amma iccensa taushi gare shi kuma ƙwari suna huda shi.

Ko a cikin icce mai kyau akwai sharuɗɗa. Na farko, a ɗauki zuciyar, wato tsakiyar nan mai duhu, a bar farin da ke kusa da ɓawo, domin shi ƙwari ke fara ci. Na biyu, ya bushe sarai a inuwa, ya ga hunturu guda aƙalla. Ɗanyen icce da aka sa wa wuƙa yana motsewa in ya bushe, sai ramin ya yi wa ƙarfen yawa. Na uku, zaren iccen ya bi tsawon ɓota, kada ya gitta, kuma kada a sami gaɓa ko ido a tsakiya.

Sai babbar magana, wadda ta fi zaɓen iccen kansa, wato yadda aka haɗa ƙarfe da ɓota. Maƙeranmu sun iya fitar da ruwa mai kyau daga ƙarfen sifirin tsohuwar mota, ba mu da ƙorafi a nan. Inda wasu ke gaggawa shi ne su gasa wutsiya ta yi ja, su soka ta cikin icce ta ƙona wa kanta hanya. Ranar farko tana kamawa gam. Amma abin da ke kewaye da ita gawayi ne, kuma gawayi yana zubewa, bayan 'yan watanni wuƙa ta fara rawa. Abin da ya kamata mu nema shi ne a huda iccen, wutsiya ta ratsa shi har ta fito ta baya, a sa mata 'yar faranti ta ƙarfe a daddale kanta. Ko kuma a bar wutsiyar da faɗinta, a sa icce gefe da gefe, a ɗaure da ƙusa biyu ko uku. A bakin ɓota kuma a sa zobe na tagulla ko na ƙarfe, domin daga nan tsaga ke farawa. Maƙeri zai nemi ƙari bisa wannan aiki, kuma ya cancanta. Mu biya shi.

Ga abin da za a yi a kasuwa kafin a fitar da kuɗi. A duba gindin ɓota, a ga ko kan wutsiya ya fito. A naɗe ruwan da tsumma, a murɗa shi hagu da dama, in ya motsa ko kaɗan a ajiye. A danna farce a jikin iccen, in ya shiga a ajiye. A jiƙa hannu a riƙe, a ji ko tana zamewa. Tsawonta ya wuce faɗin yatsu huɗu, kamar santimita 11 ko 12 ga hannun babba. Kuma kada ta zama mulmulalliya kamar taɓarya, ta ɗan yi faɗi gefe biyu, domin hannu ya san inda kaifi yake ko cikin duhu. Bayan an saya, a riƙa shafa mata ɗan man kaɗe ko man gyaɗa, musamman da shigowar hunturu, kada a bar ta kwana cikin ruwa ko kusa da murhu.

Mun san abin da samarinmu ke cewa: ta kasuwa araha gare ta, in ta lalace sai a jefar a sayi wata. Wannan lissafin mutumin gari ne, wanda kanti ke ƙofar gidansa. Wanda ya tafi da garke wajen Ingal da damina, ko ya gangara kudu da rani, yana iya yin kwana da kwanaki bai ga kasuwa ba, kuma wuƙa ba ta zaɓen ranar kasuwa ta lalace. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa kuɗin wuƙaƙen roba da mutum zai saya cikin shekara biyar, a ɗora kuɗin saniya guda da ta yi mushe, sannan a gaya mana wace ce mai arahar.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu rufe ba sai mun yi shi. Itatuwan da muka yaba su ne waɗanda ke riƙe da bisashenmu in ciyawa ta ƙare, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda daji yake in sun tafi. A Nijar, tun dokar daji ta 1974 aka sa gawo da aduwa da giginya cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini, kuma an yi wata sabuwar dokar daji a 2004. Mun ga kuma abin da ya sami madobiya a ƙasashen kudu da mu, iccen da ganyensa abincin shanu ne da rani. An yi ta sare shi ana kaiwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa shi ƙarƙashin tsaro a 2017, a 2022 kuma aka tsayar da fitar da shi daga ƙasashen yankin. Ɓota ba ta bukatar a kayar da icce. Guntun busasshen reshe mai tsawon taƙi guda ya isa, kuma tsohuwar taɓaryar ƙirya da ta karye tana fitar da ɓota da yawa, ga ta ta riga ta bushe shekara da shekaru. Kada mu ba ma'aikatan gandun daji dalilin tsayar da mu saboda abin da ke yashe a bayan ɗakin kowace uwar gida.

Saboda haka muna kira ga shugabannin rugage da iyayen yara, kafin garkuna su tashi a bana, kowa ya karɓi wuƙar yaronsa ya murɗa ta da hannunsa. Wadda ta motsa a kai ta maƙera tun ana kusa da gari. Muna kuma roƙon dattawan da suka san wasu itatuwan da ba mu ambata ba, a yankunansu na Nijar ko Cadi ko Kamaru, su aiko mana da abin da suka sani domin mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu, amin.