Sankarar Hanta: Fiɗa Sai Da Wuri

Cikin cututtukan da ke ɗauke magidanta da sauran ƙarfinsu, kaɗan ne suka kai sankarar hanta saurin kisa. Yadda abin ke faruwa sananne ne ga mazauna Sabo da 'yan Kasuwar Bodija ta Ibadan. Mutum ya fara rama, gefen cikinsa na dama ya riƙa nauyi, ido ya yi ɗorawa, sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. In ciki ya kumbura a ce sammu ne, a yi karo-karo a sa shi a mota zuwa gida. Alhali kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'a, watau UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana nan kusa da Sabo da Bodija duka.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, ana iya yi wa wannan ciwo fiɗa. Allah Ya yi hanta da baiwar tofowa: likita na iya yanke kusan kashi biyu bisa uku na lafiyayyar hanta, abin da ya rage ya sake girma. Amma da sharaɗi. Tilas ƙarin ya kasance ƙarami, bai bazu ba, kuma sauran hantar ba ta motse ba. In an wuce nan, wuƙar likita ba ta da abin yi. Dashen sabuwar hanta kuwa sai an fita waje, da kuɗin da ya fi ƙarfin ɗan dako da mai awo.

Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka har da Nijeriya, ya nuna girman hasarar. In aka ware Masar, rabin majinyatan ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon, kuma waɗanda suka sami maganin da zai iya warkarwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Babban dalili shi ne zuwa a makare, domin ciwon ba ya nuna alama sai ya ci ƙarfin hanta.

Tushen ciwon a nan ƙasar guda biyu ne. Na farko ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jinin wajen mutum 8 cikin 100 na manya. Ana ɗaukar ta wurin haihuwa, ko ta jini: askar wanzami ɗaya ga mutum goma, ko almakashin mai yankan farce. Na biyu dafin funfuna da ke kama gyaɗa da masara in an ɗura su a buhu da danshi. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma in ya haɗu da ƙwayar B haɗarin yana ninkuwa. Wannan ya shafi 'yan hatsin Bodija kai tsaye, tun da mai sayarwa da iyalinsa daga buhun nan suke ci.

Saboda haka wajibi ne kowane baligi ya je a auna jininsa, ko da yana jin garau. Wanda ba ya ɗauke da ƙwayar ya karɓi allurar rigakafi. Wanda aka same shi da ita kada ya firgita: akwai ƙwayoyin da ke danne ta, sai dai ya riƙe likita, ya riƙa yin hoton ciki duk wata shida in an umurce shi. Ta haka ne ake kama ƙari tun yana yankuwa. Jarirai kuma, tun 2004 allurar tana cikin rigakafin yara na ƙasa, a yi musu ita ranar da aka haife su, ba sai bayan suna ba.

Nauyi ya rataya a wuyan sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa. Su nemi likitoci su zo kasuwa su auna jama'a, su hana sayar da rumɓaɓɓen hatsi, su sa kowa ya riƙe rezarsa. Kuɗin da ake tarawa na motar kai majinyaci gida, da an tara shi tun farko don awon jini, da ya fi amfani ga matarsa da 'ya'yansa.