AIKIN MA'AIKATAR LAFIYA A ƘAUYE AKE GANINSA

Sau da yawa mutum yakan je ɗakin shan magani a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi, ya tarar babu magani, ya rasa wanda zai kai wa kuka. Lalle ya kamata mu bayyana yadda aka raba wannan aiki.

A zamanin da, En'e ta Katsina ke riƙe da disfensare da duba-gari, har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Yanzu kuwa aikin ya kasu uku. Ƙananan asibitoci na unguwanni da ƙauyuka suna wuyan ƙaramar hukuma da hukumar jiha mai kula da su. Babban asibiti, irin na Dutsin-Ma, na Gwamnatin Jihar Katsina ne. Ita kuma Ma'aikatar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ta Tarayya, ita ke tsara manufa, ta sayo alluran rigakafi, ta kula da asibitocin koyarwa, ta sa ido a kan annoba.

Ba ƙaramin aiki ke nan ba. Da haɗin kan gwamnati da sarakuna aka fatattaki shan inna, har aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka.

Amma fa akwai sauran aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ajiye akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya matakin farko, ba a kuwa sa kuɗin cikin kasafi ba sai a 2018. Nufin shi ne kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai, Jihar Katsina kuwa mazaɓu 361 gare ta. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa yara 652 sun rasu da tamowa a wuraren jiyyarta na wannan jiha cikin wata shida. Yunwa ce tushen wannan, rashin tsaro kuma ya hana manoma da yawa zuwa gona, ga Dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma, wanda har yanzu ba a ci moriyar ruwansa yadda ya kamata ba.

To, a ganinmu ba da yawan takardun da aka rubuta a Abuja za a auna ma'aikatar nan ba, sai da ungozoma da magani da mai haihuwa za ta tarar cikin dare a ƙauyen Kurfi. Muna roƙonta ta riƙa lika lissafin kuɗin da ta aika a ƙofar kowane asibiti. Ku kuma malaman makaranta da akawuna, ku karanta wa jama'a, ku sanar da Yandaka da Maraɗi in kun ga giɓi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.